Ranar da Aka Kai Martha Tsibiri

Martha Bitrus mutuniyar Zonkwa ce. Shekara ashirin da shida ta yi tana koyarwa a firamare. Bayan mijinta ya rasu ta yi ritaya, sai 'yarta Linda, wadda ke aikin nas a jihar Maryland ta Amurka, ta haifi tagwaye ta aiko mata da tikiti. Ta zo da niyyar wata shida, ga shi ta shekara tara.

Gidan a Clinton yake, da fili a bayansa wanda ba a yin komai da shi sai aske ciyawa. Tun bazarar farko Martha ta nemi fartanya, da ta rasa ta yi da shebur. Ta shuka yakuwa da rama da kuɓewa da gauta. Irin gautar a wajen wata tsohuwa 'yar cocinsu ta samo shi a Wheaton, kuma tsohuwar ta rasu tuni. Kowace kaka takan bar na ƙarshe su ƙosa a jikin uwarsu, sannan ta ɗebi irin baɗi. Ran Lahadi bayan sujada mata kan kewaye but ɗin motar Linda, kowa ta karɓi ƙullinta kyauta. Har sunanta ya koma Mama Yakuwa.

Desmond, mijin Linda, bai taɓa son lambun ba. Ya ce maƙwabta suna kai ƙara wajen ƙungiyar unguwa. Da maganar ta yi yawa, Martha ta roƙi a bar ta zuwa Oktoba ta kwashi iri. Linda ta ce, "Na yi miki alkawari, Mama, ba mai taɓa shi."

Wata Asabar a watan Agusta Linda ta leƙo ɗakinta da sassafe. "Mama, shirya, yau ranarki ce. Daga ni sai ke."

Suka ɗauki hanya. A kan doguwar gadar da ta ƙetare ruwan Chesapeake, Martha ta rufe ido tana rera waƙar coci har suka sauka. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka isa Tilghman, ƙauye ne a kan ɗan tsibiri. Sai da suka jira aka ɗaga gadar shiga wani jirgin masunta ya wuce. Titi ɗaya ne ya ratsa garin, gidajen katako farare, ko'ina ƙarnin kifi.

Suka shiga wani ƙaramin kanti. Duk abin da Martha ta taɓa, sai Linda ta ce, "Ɗauki, Mama." Ta ɗauki zuma da sabulu da wata malafa mai faɗi, ta ce za ta yi mata amfani wajen cirar ciyawa. Linda ta juya tana duba wasu kofuna.

Abincin rana a bakin ruwa suka ci. Aka shimfiɗa takarda a tebur, aka zube musu ƙaguwa ja jawur, aka ba kowa 'yar gudumar katako. Martha ta yi dariya har da hawaye. "Abin da muke gudu a rafi muna yara, shi ne abincin manya a nan?" Amma ta cinye huɗu.

Daga nan suka taka da ƙafa zuwa ƙarshen tsibirin, ta tsakiyar gonakin masara da waken suya. Martha tana tsayawa tana duba zangarniya, tana cewa mai gonar nan ya san aikinsa. Ta ba Linda labarin yadda marigayi mijinta ya fara yi mata magana a gonar citta, labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. A ranta tana cewa ashe yarinyar nan tana ganin wahalarta.

Da suka kai inda ƙasa ta ƙare, Linda ta miƙa mata waya. "Ɗauke ni hoto, Mama, ruwan ya fito a bayana."

Martha tana saita wayar sai saƙo ya faɗo daga Desmond. Hoto ne, da rubutu a ƙasa cewa an gama. Ta gane katangar, ta gane tagar ɗakinta. Babu lambun, fili ne fetal, an shimfiɗa sabuwar ciyawa tamkar darduma.

"Linda, wannan ina ne?"

Linda ta karɓi wayar ta duba.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Martha.

"Mama, 'yan ƙungiyar unguwa sun ce wannan gargaɗin ne na ƙarshe. Na san in kina gida ba za ki iya kallo ba, shi ya sa..."

"Tun yaushe?"

"Mako biyu."

"Mako biyu muna cin tuwo kwano ɗaya." Martha ta cire malafar ta sa a leda. "Da kin ce mini, Mama, gobe za a nome, da na kwana ina tsinka, ko ɗanye ne. Lambu ba ɗa ba ne, zan iya haƙura. Amma ki zaunar da ni ina fasa ƙaguwa ina dariya, kina duba agogo?"

Linda ta fashe da kuka. Martha ba ta rarrashe ta ba. Ta juya ta kama hanyar mota, ba ta ƙara kallon gonar kowa ba.

Ba ta yi faɗa da Desmond ba. Da ya fara bayani ta ce, "Gidanka ne." Washegari a coci mata suka zo bakin mota, ta ce musu bana babu, ba ta ƙara komai ba.

Ƙarshen Satumba ta koma Greenbelt wajen Pauline, wata gwauruwa 'yar Pankshin mai ɗaki biyu a hawa na uku, ta kama aikin kula da wata tsohuwa kwana uku a mako. Linda ta turo fasto, ta turo ƙanin babanta ta waya. Martha ta ce musu ta yafe, kuma da gaske take, sai dai ba za ta koma ba.

Yanzu Linda kan kawo tagwayen ranar Asabar. Martha ta dafa musu shinkafa, ta duba aikin makarantarsu, ta tambayi Linda aiki da lafiyar mai gida. Linda ta amsa. In yamma ta yi, ta raka su bakin matakala ta ce su gai da gida.