Ta'aziyyar da Na Karɓa a Gidan Zane-zane

A shekarar da aka rufe iyakar kudu, motocin shinkafa suka yi layi a Maradi ba gaba ba baya, a shekarar ce Allah ya karɓi ran uwar ƴaƴana. Da kaka ta rasu, ana cikin yankan gero. Muka yi zaman makoki a ƙofar gidana a Gidan Sori. Mutane suka bar gonakinsu suka zo, wasu a amalanke, wasu a moto, wasu a ƙasa. Har wata tsohuwa daga Cadawa ta zo, wadda sau ɗaya suka taɓa kwana ɗaki guda da marigayiya a asibiti.

Mutum ɗaya ne bai zo ba, shi ne surukina, uban matar ɗana na fari. Mutumin Agiye ne, tsohon daraktan lakol, wato makarantar boko, da ya aje aiki, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci. Ina zaune bisa tabarma cikin jama'a aka miƙo mini salula aka ce ga surukinku zai yi gaisuwa. Na kara a kunne na yi sallama. Muryar ba ta amsa ba, ta ci gaba da maganarta. Sai aka gaya mini ai ba ya kan layi, ɗauka ya yi ya aiko. Na mayar wa mai salula abinsa ban ji ƙarshen maganar ba.

A wurinmu da ƙafa ake ta'aziyya. Ka zo, ka cire takalmi, ka durƙusa gaban mai rashi, ka faɗa ya amsa. Wanda bai yi haka ba, alhali ƙafarsa lafiya take, bashi ne a wuyansa. Daga ranar, in mun haɗu da Mushe ya yi sallama ina amsawa, don amsa sallama wajibi ne, amma ba na ƙara ko harafi.

Bayan annobar korona ta zo ta lafa, hanyoyi suka buɗe, ɗan nawa da ke aikin jinya a ƙasar Faransa ya aiko mana da takardun tafiya mu biyu, ni da Mushe, don matarsa ta kusa sauka. Jirgi ɗaya muka shiga, kujera kusa da kujera, bai ji muryata ba, ko ruwa da hannu na roƙi mai rabon abinci. Allah ya sauki yarinyar lafiya, aka samu ƴa mace. Da aka fara shirin suna na kira ɗana gefe na gaya masa, ni ne ya kamata in yi wa jaririyar huɗuba in buɗe addu'a, amma ba zan ɗaga hannu a ɗakin da mutumin nan yake zaune ba sai ya biya abin da ke kansa. Yaron ya yi ta ba ni haƙuri. Ya je wurin surukinsa, shi kuma ya ce ya riga ya yi gaisuwa, in ban saurara ba ruwana.

Ana jibi suna sai yaron ya zo da wata dabara. Ya saya mana tiketin shiga wani babban gida da suke aje zane-zane da gumaka na mutanen dā, wanda Mushe ke kira muze. Mushe ya yi shekaru yana nuna wa ƴan lakol hotunan waɗannan zane-zanen a cikin littafi, bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba. Tun a jirgi nake jin yana ba wani baƙo labarin wani babban ɗaki a can sama wanda in bai gani ba, in ji shi, bai zo Faransa ba. Tiketin kuwa na lokaci ne. An rubuta maka sa'ar da za ka shiga, in ta wuce ta wuce, in ka fita ba ka komawa, kuma duk sauran ranakun da suka rage mana a ƙasar an sayar da gurabensu. Yaron ya kai mu bakin ƙofa, ya ce aiki na jiransa. Ya kama hannun Mushe ya ce ga Baba nan amana, ba ya jin Faransanci, kada a rabu da shi. Na san abin da yake nufi da haɗa mu. Ya juya ya tafi.

Mun iso da wuri, sai aka tsayar da mu waje cikin sanyi a bayan wata igiya. Gidan ga shi a buɗe, masu gadi na kallonmu, amma wai lokacinmu bai yi ba. Na ce a Gidan Sori ko kare ne ya tsaya maka a ƙofa cikin irin wannan iska sai ka ce ya shigo zaure. Ba da Mushe nake ba, da igiyar nake. Mushe ya gyara kwat ɗinsa ya ce wannan shi ake kira tsari, rashinsa ne ya bar mu inda muke. Azahar ta yi muna tsaye. Na fita daga layi na nemi lungu na shimfiɗa rawanina na yi salla, ina da alwala. Da na dawo an fara shigar da ƴan sa'armu, Mushe na tsaye shi kaɗai yana duban agogo, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce matafiyi yana da damar haɗa salla, ko ba a koya mana wannan ba a zaure. Na ce an koya mana, an kuma koya mana wasu abubuwan da ba a koyarwa a lakol.

A ciki aka ba kowannenmu wata ƴar na'ura mai igiya da ake saƙalawa a wuya, da abin toshe kunne. Kowane zane yana da lamba a gefensa, in ka danna lambar sai murya ta yi maka bayaninsa. Mushe ya zaɓi Faransanci. Ni aka sa mini Larabci. Muryar wani namiji ce, dattijo, mai natsuwa, sai dai Larabcinsa ba irin na littattafanmu ba ne, yana gudu, kalma ɗaya nake kamawa biyar su wuce.

Ɗakunan farko gumaka ne na dutse, maza da mata, mafi yawansu ba sutura. Na sunkuyar da kai na bi dugadugan Mushe ina istigfari. Da muka shiga wurin zane-zane na ɗan ɗaga ido. Ba zan yi ƙarya ba, ni da na san wahalar jan layi ɗaya miƙaƙƙe da alƙalamin kara, na kuma yi shekaru ina haɗa ja da rawaya don zayyanar allon sauka, na san hannun da ya sha wuya in na gani. Akwai wanda ya zana ruwa a cikin kofi har na ji ƙishirwa. Amma ban ga abin da zai sa mutum ya ƙarar da ransa yana kwaikwayon halittar da ba zai iya hura mata rai ba.

Abin da ya haɗa mu faɗa na'urar ce. Na danna lamba ta farko, dattijon ya fara magana, sai na tsaya. Tun ina yaro a gaban malaminmu ba a saba mini in juya wa mai magana baya ba, balle mai magana da Larabci. Sai na tsaya har ya kai aya, na ce madalla, sannan na matsa. Haka a zane na biyu, haka a na uku. Mushe yakan yi gaba ya kai ƙarshen ɗaki, ya waiwayo ya gan ni tsaye, ya dawo yana huci. Rana tana yin ƙasa a tagogi, babban ɗakinsa yana can sama, mu ko rabin ƙasa ba mu gama ba.

A ƙarshe ya fizge abin daga kunnena.

"Malam, wa kake jira ya gama? Ba kowa a ciki. Murya ce aka ɗauka aka zuba. Ba ta san kana tsaye ba, ba ta san ka tafi ba."

Na ce, "Ashe ka sani, Mushe."

Ya gane inda na dosa. Sannan ya ce to ai ga shi na saurari muryar baƙo har ƙarshe, tasa kuwa da ya zauna ya tsara kalmominta na mayar tun ba ta kai rabi ba. Na ce wannan ba surukina ba ne, bai ci tuwon marigayiya ba, ba kuma ita ta yi wa ƴarsa wankan amarci ba. Ya ce a lokacin hanyar yamma ba ta da tsaro, ana tare mutane. Na ce tsohuwar Cadawa ta bi ta da sanda. Ya ce ni mutum ne mai riƙo, kuma riƙo ba halin malamai ba ne. Na ce shi kuma mutum ne da ya koya wa ƴaƴan mutane gaisuwar Faransawa har ya manta tamu. A hankali muke maganar, don wurin ba a ɗaga murya, kowa na murmushin dole saboda masu wucewa.

Ɗakin da muka shiga bayan nan akwai wani zane mai faɗi a bango. Wata mace ce kwance a gado an rufe ta da farin ƙyalle, mijinta na zaune a gefe, ga maƙwabta sun cika ƙofa, huluna a hannu. Ban danna lamba ba. Ƙafafunsu na duba. Mai zanen bai manta da komai ba, takalman duk taɓo ne har idon sawu. Na nuna wa Mushe na ce ya duba mutanen da yake so mu yi koyi da su, ko ya ga wanda ya aiko da murya a cikinsu.

Ya ce, "Ka gama? Mu hau sama, za a rufe."

Sai na cire takalmana na aje gefe, na tattara rigata na zauna a ƙasa, ƙarƙashin zanen, na miƙe ƙafa ɗaya na lanƙwasa ɗaya kamar yadda na zauna a ƙofar gidana. Na fito da casbaha.

Ya tambaye ni ko jiri nake ji. Na ce lafiyata lau, zaman makoki nake, akwai mutum ɗaya da nake jira.

Na ga fuskarsa ta sake. Ya dubi matakalar da ke hawa sama, ya dube ni. Da zai iya tafiya ya bar ni da ya tafi, amma an ba shi amanata a gaban ƙofa, kuma ya san in ya koma gida ba ni, ƴarsa ce za ta fara tambayarsa. Mutane suka fara ragewa tafiya suna kallonmu. Wata mai gadi ta zo, baƙar mace ce mai jiki, ta yi magana da Mushe. Ya amsa mata da dogon Faransanci yana nuna ni. Ta sake magana, a gajarce. Ya juyo ya ce ta ce ba a zama a ƙasa, in ban tashi ba za a fitar da mu duka biyu. Na ce to a fitar, ni na ga abin da zan gani.

Ya ce in bari mu koma gida ya yi mini a can, a ɗaki, cikin mutunci. Na ce a cikin jama'a aka miƙo mini muryarsa a salula, a cikin jama'a nake so. Ya kira ni da wata kalma ta Faransanci da ban sani ba, mai gadin ta ɗaga gira. Na ci gaba da jan casbaha.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya cire na'urar daga wuyansa ya miƙa wa mai gadin, ta karɓa ba ta san dalili ba. Gwiwoyinsa suka yi ƙara da ya durƙusa. Ya yi sallama, na amsa.

"Malam, ya haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa ta huta. Allah ya ba ka haƙurin rashinta, ya raya abin da ta bari."

Da haƙora a cije ya fara. Amma kalmomin nan ba su damu da yadda aka fito da su ba. Da ya kai kan abin da ta bari sai na tuna jaririyar da ba za ta taɓa goyawa ba. Na ce haƙuri sai Ma'aiki, amin, Allah ya ba da lada, ya mayar da kai gida lafiya. Muka ɗaga hannu muka yi fatiha muka shafa. Mai gadin tana tsaye riƙe da na'urar, ba ta katse mu ba.

Ya riga ni tashi, bai ba ni hannu ba, ni ma ban nema ba. Yana ɗaure takalmi ya ce yanzu ba na bin sa komai. Na ce ko ƙwayar gero. Ya ce to kada in sake yi masa maganar. Na ce ba zan sake ba, kuma har yau ban sake ba.

Muka hau sama da sauri iyakar saurin tsofaffi. Ya samu ɗakinsa a buɗe, ko da yake masu gadi sun fara kora mutane daga can ƙarshe. Ya shiga yana haki, ya tsaya a tsakiya yana juyawa. Ni na zauna bisa wani benci a bakin ƙofa na kashe tawa na'urar.

Ranar suna na yi wa yarinyar huɗuba, na buɗe addu'a yana zaune a ɗakin, ya ce amin tare da kowa. Da aka kawo abinci kowa ya ci a kwanonsa.