Fiffiken da Aka Auna da Ƙafar Kawu

Har gobe in na ji warin gam na katako sai gabana ya faɗi. Warin ɗakin Babanmu ke nan a unguwar Sa'alaba, ɗan ɗakin saman bene da zafi ke dafa mutum a ciki kamar tukunya.

Baba kafinta ne. Hajji ya kawo shi Jidda ya zauna, ba iƙama, ba kafili. Da rana ƙofofin mutane yake gyarawa, bayan la'asar kuma ya zauna da katakon akwatin lemo yana sassaƙa ƙananan jiragen yaƙi irin na da can. Umma takan ce, "Malam, tsofai-tsofai da kai kana wasan yara." Sai ya yi murmushi kawai.

Akwai wani jirgi da ya ci masa rai, mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. A kalanda ya gan shi, an ɗauko shi ta gefe, faɗin fiffiken bai fito ba. Jirgin kuwa yana nan a gidan ajiye tsofaffin jirage a Riyad. To, mutumin da ko titin unguwa yake ƙetarewa yana waige, ina shi ina shingayen hanyar Riyad?

Ina shekara goma sha ɗaya Kawu, ƙanen Umma, wanda shi yana da takardar zama, zai kai iyalinsa can hutun sallah. Yara ba a cika tambayarsu komai ba, sai aka cusa ni cikin 'ya'yansa. Baba ya ja ni gefe ya koya mini awo: ƙafa gaban ƙafa, diddige na taɓa yatsa, daga hanci zuwa wutsiya, sannan daga wannan bakin fiffike zuwa wancan. "Ke ce idona, uwata," in ji shi.

Na auna tsawon tsaf. Ina fara fiffike mai gadi ya zuba mini ido, ƙannena na kukan ƙishi. Kawu, sarkin gajen haƙuri, ya ce, "Yalla, matsa in ƙarasa miki!" Ya taka ya taka da ƙafar nan tasa kamar faranti, ya faɗi lamba. "Halas, an gama." Na rubuta a ƙarƙashin tawa. Wallahi a ranar ban ga aibun abin ba.

Damina ba ta zuwa Jidda sai ta ga dama, amma a shekarar ta zo, rufin ya yi ta yoyo, Baba na kare katakonsa da buhu. Wata uku yana aikin jirgin. Igiyoyin tsakanin fiffike da zaren kamun kifi ya ɗaura su, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ɗora shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Jiki dogo, fiffike dungu, kamar kazar da aka fige.

"Wannan ko a mafarki ba zai tashi ba," ya ce.

Nan take na gane abin da ya faru. Ya sake duba takardata, ya sake lissafi, bai ko tambaye ni ba, don bai taɓa kawo wa ransa laifin daga wajena yake ba. Sai ya murza idonsa ya ce wa Umma, "Ashe ganin nawa ya tafi." Ni kuwa tsoron faɗa ya ɗaure mini baki. Faɗan me? Baba bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Bai ƙara sassaƙa jirgi ba. Bayan shekara biyu aka kama shi a bakin masallaci, aka mayar da shi Damagaram, can ya rasu.

Yanzu ɗana yana latsa waya, jirgin ya fito masa ta kowace fuska har da awonsa, ya kalla ya wuce. Ni kuma na kai shekarun da Umma take a lokacin. Mun yi waya da Baba ya fi a ƙirga kafin rasuwarsa, kullum sai na tambaye shi jiki, na tambaye shi ruwa, na tambaye shi mutanen gida. Ban taɓa ce masa idonsa lafiya lau yake ba.