Zauren Kakana a Cikin Fulofi

Ranar wata Laraba ce, saura kamar wata guda ruwan farko ya sauka, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ina dawowa daga rijiya da bokiti a ka na tarar da wata baƙuwa a ƙofar gidanmu, ta kara wani akwati mai ƙyalli a fuska, tana kallon zaurenmu kamar ba ta taɓa ganin ginin ƙasa ba. Na dire bokitin, rabin ruwan ya zube, na je na tsaya a bayanta. Sai ta juyo mini da bayan akwatin. Wallahi ga zaurenmu nan a ciki, ɗan mitsitsi, har da akuyar maƙwabta da ke kwance a dakali. Sunanta Anti Rabi, ɗaliba ce a sabuwar makarantar kwamfuta da aka gina tsakaninmu da Kazaure.

Ƙauyenmu tsohon gari ne a gindin dutse, har da kufan ganuwa inda muke wasan ɓuya. Zauren kuwa kakana ne ya gina shi, magini ne, ya rasu tun ba a haife ni ba. A fuskar ginin ya zana takobi da allo da keke, sannan ya danna tafin hannunsa a saman ƙofa. Duk shekara kafin damina ana gayyar yaɓe. Mu yara mu tara ɓawon ɗorawa a jiƙa makuba, samari su tattake ƙasa da ciyawa, mata su turara dambu. Kaka, mahaifiyar Baba, takan zauna a kan turmi tana sa ido, da ta ga an kusa zanen sai ta ɗaga murya: "A bi hannun mai shi, kada a shafe."

Da makarantar ta zo, ni kam ta ɗauke mini hankali. Ko tallan gyaɗa aka aza mini sai na bi ta jikin shingen waya, in leƙa manyan tagogi, in saurari janareta, in dawo da tambayoyi cike da baki, har Kaka ta raɗa mini Sarkin Tambaya. Kafin mu farga gonakin gero na bakin hanya sun zama shaguna. Samarinmu wasu sun kama gadi, wasu leburanci, wasu acaɓa, mata kuma suka koma suyar awara saboda ɗalibai. Babu wanda ya yi kuka da wannan, don an ga haske. Sai dai da aka kira gayyar yaɓe, mutum biyar suka zo. Shekarar da ta biyo baya Baba ne kaɗai da ƙaninsa, bangon gabas kuma ya tsage har hannuna na shiga. Baba ya ce a rushe a yi ɗakunan bulo a ba ɗalibai haya. Kaka ta ce sai dai bayan ranta.

Ana cikin wannan jan-in-ja Anti Rabi ta zo da akwatinta, kuma ni ce na ja hannunta har ɗakin Kaka. Na taɓa jin malaminmu ya ce abin da aka sa a kwamfuta ba ya ɓata, ni kuwa na haddace maganar na zuba wa Kaka ita da ƙarfin gwiwa. Kaka ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Ruwa ba ya cin sa? Gara fa?" Anti Rabi ta yi dariya ta ce, "Ba sa ci, Iya." Ta zaro wani baƙin abu mai kusurwa huɗu daga cikin akwatin, ta ce fulofi ne, zauren yana ciki, ta bar mata. Kaka ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a ƙasan adaka. Bayan kwana uku ta kira Baba ta ce ya rushe, tunda an adana. Ranar da aka sa diga a bangon, ni har wani taƙama nake, ina ganin ni na raba gardama.

Son sanin nan ne ya kai ni makarantar da kaina bayan na gama sakandare. A lokacin idon Kaka ya tafi. Wata rana ta sa na ciro ƙullin, ta ce, "Sarkin Tambaya, tunda kin zama gwana, je ki buɗe mini zauren ki zo ki faɗa mini." Na zaga makarantar kakaf, babu sauran kwamfutar da ke karɓar fulofi, ɗalibai ma dariya suke suna juya shi. Sai a Kano na samu wata tsohuwar kwamfuta a shagon mai gyara, aka sa mata fulofin. Ta yi ƙara, ta yi shiru, ta sake ƙara. Mai gyaran ya girgiza kai ya ce zafi da daɗewa sun cinye shi. Tun daga Kano har gida ina zargin kaina, saboda na san bakina ne ya rushe ginin nan.

Da na shiga ɗakinta na kasa faɗin gaskiya. Na ce na gani, yana nan garau, ga takobi a hagu, ga keke a ƙasansa. Kaka ta ce, "Takobin a dama yake. Ke dai ba ki iya ƙarya ba." Na fashe da kuka. Ta lalubo hannuna ta buɗe tafin, ta fara zana mini da yatsa: nan allo, nan keke, ƙafarsa ta baya ta fi ta gaba girma don ƙasar ginin ta ƙare wa kakana. Da ta kai saman ƙofa sai ta kifa tafinta a kan nawa ta bar shi a nan.

Yau ƙauyenmu ya haɗe da gari, inda zauren yake shagon cajin waya ne, yarana kuma suna ɗaukar hoto ɗari a yini ba su koma kan ko ɗaya ba. Ni da nake koyar da kwamfuta, fulofin yana nan a adakata cikin ƙyallensa, babu komai a ciki. In kewar gida ta taso mini, tafin hannuna nake buɗewa.