Malama Karanta-Mini

Shekara goma sha ɗaya muna ofis ɗaya da ita, ɗan ɗaki a hawa na biyu mai tebur biyu da fanka mai kukan tsufa. Ni ina koyar da nahawu, ita kuma rubutu da adabi take koya wa 'yan shekarar farko a jami'a. Wannan aji manyan malamai gudunsa suke yi, don yara ne ɗari biyu da ba su san inda ake sa aya ba. Ita kuwa duk shekara da kanta take roƙo a bar mata shi.

Ɗalibai sun sa mata Malama Karanta-Mini, har mijinta haka yake tsokanarta in ya zo ɗaukarta. Ba ta taɓa ba wa rubutu maki sai mai shi ya zo ofis ya karanta mata da bakinsa. Za ta juya kujera ta fuskanci taga, ta rufe ido, ta ce, "To ɗana, karanta mini." Inda numfashin yaro ya ƙare kafin jimla ta ƙare, sai ta ɗaga yatsa: "Sa aya a nan, kada ka shiƙe." A shagon gyaran rediyo na mahaifinta ta girma, tana ganin yadda yake gane cuta da kunne kafin ya taɓa sukundireba.

Daga rubutu kuma sai hira ta zarce: wanda ɗakin kwanansu ya ishe shi, wadda take kewar gida, wanda ya zaɓi fannin da ba ya so. Duk tana da kunnensu. Ni dai na sha mita, don ban taɓa shan shayina da zafi a ofishin nan ba.

Da wannan kunnen take kama masu satar rubutu. Imaninta shi ne mutum ba ya tuntuɓe a jimlar da ya haifa. Kuma gaskiya, na ga ta kama su bila adadin.

A shekarar da nake ba da labari, akwai wata mata a ajin da ta girme mu duka. Tela ce, ta yi shekara talatin a kan keken ɗinki, sai da autarta ta gama makaranta sannan ta ce saura ita. Yara suna ce mata Umman Aji. Aikin farko, ta kawo shafi uku a kan ranar da ta yanka wa rigar makaranta hannu biyu duk na hagu. Kamar yadda dokar sashe ta ce, bugagge ne da kwamfuta. Malama ta karanta ta yi ta dariya, ta ce rabonta da rubutu mai daɗi haka an jima.

Ranar karatu kuwa abin ya ɓaci. Matar ta yi ta in'ina, ta tsallake layi, ta koma baya, ta kira "almakashi" "alƙalami". Malama tana fuskantar taga, ina ganin kafaɗunta suna saukowa.

"Yaya, wa ya rubuta miki?"

"Ni na rubuta, Malama."

"Je ki yi tunani, ki dawo jibi."

Da ta fita, Malama ta jawo fom ɗin kwamitin ladabtarwa ta cike. In fom ɗin nan ya isa inda za shi, kora ce, kuma mai shekara hamsin da ɗoriya ba ta da wata jami'ar da za ta sake nema. Malama ba ta ci abincin rana ba. Ta ce, "Ƙanwata, wannan ya fi min ciwo. Amma in na ɗaga mata ƙafa, me zan ce wa yaran da na kai?"

Ni kuwa tebur ɗina yana fuskantar ƙofa, kuma idona biyu. Na ce, "Ke kin ji ta, ni na gan ta. Takardar can nesa ta riƙe, hannu a miƙe, tana ƙanƙance ido."

Malama ta ɗauki fom ɗin ta sa a aljihun tebur.

Bayan kwana biyu matar ta dawo da jakarta a ƙirji, da alamar ta riga ta yi ban kwana da wurin a zuciyarta. Malama ta cire tabarau ɗinta ta miƙa mata.

"Haba Malama, in sa gilashi a cikin yaran nan? Ai sai su ce kakarsu ta zo."

"Sun riga sun faɗa. Sa."

Ta sa, ta dubi takardar, sannan ta fara. Wallahi kamar an buɗe famfo. Ta yi muryar mai rigar, ta yi muryar maigidan da ya koya mata ɗinki, har ni da nake yi kamar ina duba jarrabawa na tuntsire da dariya. Tsakiyar shafi na biyu ta tsaya cak.

"Kai, yaron shagon kwamfutar nan! Ya cinye min layi guda." Ta faɗi layin da ka, ta ci gaba.

Ashe allura ce ta cinye mata ido. Da manyan baƙaƙe take rubutu a littafin awo, ta kai a buga mata, abin ya dawo ƙanana kamar tururuwa. Kunya ta hana ta faɗa.

Malama ta zaro fom ɗin ta nuna mata, ta yaga shi biyu. Ta ce, "Yaya, na zalunce ki, ki yafe min."

Matar ba ta ko kalli fom ɗin ba. Tana shafa shafin farko da tafin hannu, yadda ake lallashe yadi kafin a yanka.

"Babu komai, Malama," in ji ta. "Ki ɗan bar min gilashin minti biyu. Ban taɓa ganin rubutuna a buge ba sai yau."