Layin Zauren Alhaji Tanimu

Akwai wata Alhamis da har yau ta ƙi barin zuciyata. Da damina ne, cikin shekarun casa'in, ina ƙaramin injiniya a ofishin tarho na Zariya. Ruwa ya shiga babban kebul ɗin da ke kai layi cikin birni, wayoyi suka mutu gaba ɗaya.

Ku masu aikin wayar intanet yanzu, in hanya ɗaya ta faɗi sai ku karkata kira ta wata. Mu abin da muke da shi 'yan layukan ajiya ne a wani tsohon kebul, kuma ƙa'ida a raba su bisa jeri: asibiti, 'yan sanda, ofisoshi, sannan gidajen manya. Layi ɗaya ya rage a hannuna, an rubuta shi wa gidan wani darakta.

Ina cikin aiki sai ga Alhaji Tanimu, mai sayar da hatsi daga Kusfa. Tarhon zaurensa shi ne na unguwar duka, a bugo, a aika a kira mutum. Ya ce, "Injiniya, maƙwabcina Malam Idi jiki ya yi tsanani, sai kiran sunan ɗansa Sani yake. Yaron yana Fatakwal, ba mu da lambarsa, shi ke bugowa duk Juma'a bayan masallaci. Ka taimaka mu ce masa ya taho."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, jeri ne, ba ni na rubuta ba." Wallahi ko shugabana ban tuntuɓa ba, wai kada a ce na cika shisshigi. Na haɗa wa darakta layinsa. Ashe yana Kaduna, gidan ma a kulle yake.

Sai Litinin muka gama gyaran kebul. Da na isa Kusfa na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Idi. Ranar Lahadi da hantsi ya cika. Na yi gaisuwa kaina a ƙasa, na hau falwaya, na maƙala wayar gwaji a layin Alhaji. Ina maƙalawa ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Alhamdu lillahi, yau ta shiga. Sani ne, tun Juma'a nake bugawa. Don Allah a kira mini Baba."

Ina sama ina kallon masu zaman makoki. Da ƙyar na ce, "Riƙe, ga Alhaji." Na haɗa wayoyin, na yafito Alhaji Tanimu ya shiga zaure ya ɗauka, na cire tawa.

Da na ba shugabana labari, sai ya ce, "Da ka zo, da na ba ka layin gidana."

Jeri yana da amfani, ban ce ku watsar ba. Amma daga ranar, kafin in ba kowa layi sai na tambayi mutum nawa ke jiran kira a bayan lambar, in abin ya fi ƙarfina in taka in je wurin shugabana. Sani bai san ni ba har yau. Ni kuwa ko cikin kasuwa na ji muryarsa zan gane ta.