Hayaƙin Gonarmu

Bazara ce, shekarun farko na mulkin kai. Bayan asuba maigidana ya tafi sharar gona, a ƙauyenmu kusa da Fakku. Ya tara kara da ƙaya ya cinna wuta, kamar yadda kowa ke yi kafin ruwa. Ni kuma ina surfe.

Da hantsi na ji ƙugi. Jirgin sama kan wuce mu can sama, ba ruwansa da mu. Wannan kuwa ƙasa ƙasa ya zo, yana tari kamar tsohon jaki. Ya ratsa hayaƙin gonarmu, ya karkata, ya faɗa unguwar maƙera. Ƙasa ta girgiza, turmi ya kife. Sai shiru, sannan kururuwa.

Ba wanda ya fita da rai a jirgin. A unguwar ma gidaje sun ƙone da mutanensu.

Kafin azahar gardama ta kaure a bakin masallaci. Liman ya ce ajali ne. Wani tsohon soja ya rantse injin ne, tun daga nesa ya ji ya mutu. Amma mai ciwo ba ya son dogon bayani. Sarkin maƙera, wanda ya rasa 'ya'yansa, ya nuna gonar maigidana. "Hayaƙinai yam makanta matuƙi!" Shi ke nan, magana ta zauna.

Na roƙi maigidana mu gudu. Na durƙusa, na yi kuka. Ya ce a garinmu wanda bai fita jana'izar maƙwabci ba ya amsa laifi da bakinsa. Mutum ne mai taurin kai, har yau ina jin haushinsa. Ya saɓa fartanya ya tafi maƙabarta haƙa kabari.

Da la'asar na ji hayaniya daga can. "Ku kama shi!" Sai ƙarar sanduna. Maƙwabciyata ta faɗo ta dangar baya, ba ko mayafi. "Kwashi ɗiyanki ki tai! Suna nan tahe!"

Na goya ƙaramar, na ja babban. Muka bi rafi cikin kalgo. Da na waiwaya, rumbunmu na ci. Ƙaya ta cinye ƙafafun yaron, bai yi kuka ba sai da muka shiga Kebbe. Daga nan wani mai lori ya ji tausayinmu ya kai mu Tambuwal, gidan yayana malamin makaranta.

A can ma jirgin ake ta musu. Ma'aikata na kewaye rediyo da yamma, wannan ya ce inji, wancan ya ce gajiyar matuƙi, wani ya ce man ne ya ƙare. Na kasa kunne daga bayan zana. Ko mutum guda bai ambaci hayaƙi ba.

Bayan sallar Juma'a ƙanen maigidana ya iso. Bai zauna ba. Ya ce sun yi wa gawar maigidana wanka, sun sallace shi, Sarkin maƙera ma ya tsaya a sahu. Kabarin da yake cikin haƙa bai kai ƙarshe ba, su suka ƙarasa masa.