Fankar Si Haddu Mai Jin Shuri

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Azru zuwa Midelt a lokacin sanyi ya san Si Haddu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne direban nan mai gajeren gemu da ba ya duban fuskar fasinja sai ƙafarsa. Maƙwabcina ne, bango ɗaya ke tsakaninmu shekara ashirin da shida, in ya yi atishawa a ɗakinsa daga nawa ɗakin nake yi masa addu'a. Ni ne Assu, mai gyaran takalma a kan hanyar da ke gangarawa tasha. Karatuna bai yi nisa ba, amma a tsokanar Si Haddu kam na yi sauka.

Motarsa tsohuwar Marsandi ce, ta girmi babbar 'yarsa, ita kuwa 'yar 'ya'yanta huɗu. Mutum shida take ɗauka kamar sauran motocin layi, biyu a gaba a matse kamar dabino a buhu, huɗu a baya. Mariƙin sauke gilashi guda ɗaya ya rage, yana wurin direba, mai son iska sai ya roƙa a miƙo masa. Da wannan mota ya yi rufin gidansa, da ita ya aurar da 'ya'ya uku. Ban taɓa ganin ya san wata sana'a ba. Ko ƙusa ka ba shi ya kafa, yatsansa zai fara samu.

Hanyarmu da sanyi ba ta san wasa ba. Mutum bakwai na numfashi a mota a rufe, kafin a fita gari gilashin gaba ya yi fari fat kamar an shafe shi da nono. Abin da ke share shi ita ce fankar hita, wadda ke ɓoye daidai ƙafar fasinjan gaba, tana huro iska mai zafi. A wani wurin jin daɗi ce. A kan Tudun Zad, inda hanya ke murɗewa a bakin kwari, ita ce idon direba.

Shekara tara da suka wuce fankar nan ta fara gardama. A murɗa maɓalli, shiru. Ran nan wani makiyayi ya miƙe ƙafa ya bugi wurin bisa kuskure, sai ga ta ta tashi, fuuu. Shi ke nan, abu ya zama doka. Kowace safiya Si Haddu ya tada mota, ya murɗa maɓalli, ya ce wa na jikin ƙofa, "Shura, ɗan'uwa." A shura, ta tashi, a kama hanya. Don haka ne yake zaɓen mai zaman gaba da takalmi. Mai silifas, baya. Malamin makaranta mai takalmi mai tsini, baya, ko da ya riga kowa zuwa. Manomi mai ƙaton takalmin taɓo kuwa har ƙofa ake buɗe masa. Tasha duka ta saba. Akwai tsofaffin da tun kafin ya yi magana ƙafarsu ta tafi.

Addi, mai gyaran wutar mota, ya faɗa masa tun a shekarar farko, ina wurin.

"Si Haddu, gawayinta ne ya cinye. 'Yan abubuwa biyu ne kamar ƙwayar wake a cikin injin fankar. Ka bar min ita rabin yini."

"Rabin yini? In na bar layi rabin yini wa zai riƙe min wurina, kai? Abin da ke jin shuri ai bai mutu ba."

Na ce, "Haka jakin kakana ma ya yi ta ji, har ranar da ya daina."

Ya ce, "Kai dai ɗinka takalminka."

To, bana, ranar wata Laraba bayan dusar ƙanƙara ta farko, tafiya ta kama ni zuwa Midelt sayen fata. Ina sanye da takalmin da na yi wa kaina, ƙasansa tayar babbar mota. Si Haddu na ganina ya washe baki ya buɗe min gaba. Ya murɗa maɓalli. Na shura, shiru. Na ƙara, shiru.

"Wannan shuri ne ko gaisuwa? Ba ka karya ba ne yau?"

Mutanen baya suka kwashe da dariya. Ni kuwa ba a yi mini haka a gaban jama'a. Na ja ƙafa baya iyakar inda ta samu wuri, na sake ta da ƙarfina duka. Muka ji wani abu ya ce ƙaras a ciki. Daga nan ba fuuu, ba komai.

Ya ce za ta farfaɗo a hanya in ta ji ɗumi. Ba ta farfaɗo ba. Kafin mu kai garin Timahdit gilashi ya rufe. Ya cire hularsa yana gogewa da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya, inda ya goge ya sake rufewa kafin ya mai da hannu. Dole aka sauke gilasai. Mariƙin nan guda ɗaya ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, wannan na cewa a buɗe za mu mutu, wancan na cewa a rufe mun riga mun mutu. A wata kwana kan tudu babbar motar tumaki ta ɓullo, bai gan ta ba sai da ta yi ƙaho. Ya karkace, tayarmu ta taɓa duwatsun bakin kwari. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke baya ko ihu ba ta yi ba. Washegari ta kai ƙara wurin Si Mimun, shugaban direbobin tasha.

Si Mimun ba mugu ba ne, tare suka fara tuƙi da Si Haddu. Ya kira shi gefe, amma gefen tasha ai kunnuwa ne.

"Haddu, na rufe ido shekara tara, yanzu ba hali. Na ba ka zuwa Talata, ranar kasuwa. Mutum shida su shiga, a rufe ƙofofi. In gilashi ya washe, ka koma layinka. In bai washe ba, ka ajiye motar sai bazara."

Kowa ya san ma'anar sai bazara. Sababbin motoci fararen nan masu kama da firiji sun yi layi suna jiran gurbi. Wanda ya fita wata huɗu, ba wurin da zai tarar.

Da yammar Alhamis ɗin muka fara da fiyus, don shi ne mai sauƙi. Si Haddu ya zaro shi, sai ga shi a naɗe da takardar azurfar kwalin taba.

Na ce, "Wannan kuma wane likita ya yi masa ɗauri?"

"Ni. Tun shekarar da aka haifi jikata ta biyu. Bai taɓa ba ni kunya ba."

Muka sa sabo. Muka murɗa. Shiru. Ya mai da tsohon ko ita ta fi sabawa da shi. Shiru.

Bayan sallar Juma'a muka kai motar wurin Addi. Ya ɗauko ɗan ƙwan fitilarsa mai wayoyi biyu ya bi layin wuta daki-daki. Bayan maɓalli, fitila ta kama. Wurin 'yar murɗaɗɗiyar wayar da ke rage wa fanka gudu, ta kama. Bakin injin fankar kansa, ta kama.

"Wuta na zuwa har ƙofar gidanta," in ji Addi. "Matar gidan ce ba ta amsawa."

Ya kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin akwatin gaba, ƙafafu a kan kujera, yana kwance ƙusoshi yana tsaki. Da ya zaro murfin, abin da ya zubo masa a fuska sai da ya yi salati: ƙwallayen dabino, ƙwallayen zaitun, ɓawon gyaɗa, da wata allurar ɗaurin kallabi. Ya fito da fankar ya ɗora a kan benci. Muka tsaya a kanta kamar masu gaisuwar mutuwa.

Gawayin ya ƙare, kamar yadda ya faɗa shekara tara da suka wuce. Wannan ba komai ba ne, nan take ya goge na wani tsohon injin huda bango ya sa mata. Abin da ya kashe mana jiki shi ne sauran. Gidan fankar ya tsattsage, duk ya lotsa ciki. Sandar tsakiya ta ɗan karkace. Ita kanta fankar, mai kama da kwandon roba mai haƙora, haƙoranta bakwai sun karye, ƙugunta ya rabe biyu.

Addi ya nuna da sukundireba. "Wannan tsagar tsohuwa ce, wannan ma. Kowane takalmi a lardin nan ya sa hannu a nan. Wannan babbar kuwa sabuwa ce fil." Ya dubi ƙafata. Na mai da ita bayan ɗayar.

Si Haddu bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi, "Ni na ce ka shura."

Asabar muka tafi Miknas wurin masu sayar da kayan matattun motoci, a motar wani, fankar na cikin jakar leda a cinyarsa. Mun shiga yadi biyar. Ko'ina magana ɗaya: irin waɗannan motocin an kwashe su an matse an narkar tun da aka fara sauya su da sababbi. Wani ya ce mu gwada Fas. Wani ya ce yana da ita bara. Wani ya juya ta a hannu ya ce, "Baba, wannan ai gidan tarihi za ka kai." A yadi na ƙarshe aka ba mu ta wata mota dabam, muka dawo da ita da murna, Addi ya gwada ta ta kowace fuska, ta ƙi shiga, ta fi ramin faɗi da yatsa biyu.

Lalla Itto, matar Si Haddu, ta ce a goga rabin dankali a gilashi, haka ɗan'uwanta ke yi. Muka goga. Muka shiga motar mu uku, ni da shi da ita, muka rufe muna numfashi da gangan. Gilashin ya yi hazo, ga kuma sitaci. Aka gwada sabulu. Shi ya ɗan yi, na minti biyar.

Ranar Lahadi na ce a ba ni tsohuwar fankar. Abin da na iya ke nan a duniya, in abu ya rabe in haɗa. Na zafafa basilla na huda robar a jere, na ɗinke ƙugun da zaren kakin da nake ɗinkin takalmin manoma, na bi da gam. Haƙoran da suka ɓace na yanko su daga tsohon bokiti. Yini guda na yi a kanta, ban karɓi takalmin kowa ba. Si Haddu na zaune a kan ɗan bencina, shayinsa ya huce bai sha ba.

"Za ta yi, Assu?"

"Takalmin da na ɗinka wa surukinka shekara shida yana taka taɓo."

"Takalmi ba ya juyawa sau dubu a minti."

Na sunkuya na ci gaba da ɗinkina.

Litinin Addi ya ɗan miƙe sandar ya mai da komai. Ya murɗa maɓalli. Ta yi jim, kamar tana tunani, sannan ta tashi da kanta, tana rawa tana kaɗa haƙora, amma iska na fita, mai zafi kuwa. Addi ya ɗaga yatsa.

"Takan yi jinkiri kafin sabon gawayin ya zauna. Ku ba ta lokaci. Kada a taɓa ta, ko da hura mata baki."

Talata tasha ta cika maƙil, masu tumaki, masu buhunan albasa, masu tabarmi. Si Mimun ya zaɓi mutum shida daga masu jiran mota. Na nemi in zauna gaba, ya ce a'a, ni ɗan gida ne. Aka sa wani dattijo daga Timahdit, tsohon fasinjan Si Haddu, mutumin kirki, mai ƙaton takalmi. Mun gaya wa Si Mimun maganar Addi, mun gaya wa direbobi. Dattijon ne kaɗai ba wanda ya tuna ya gaya wa.

Aka rufe ƙofofi. Ina tsaye jikin tagar ina leƙe. Gilashi ya fara fari. Si Haddu ya yi bisimilla ya murɗa maɓalli. Ta yi jim ɗin nan nata. Na ga gwiwar dattijon ta ja baya. Na bugi tagar da tafin hannu, Si Haddu ya buɗe baki, amma shekara tara ta riga mu.

Ta tashi kam. Ta yi wani kuka kamar injin niƙa ya haɗiyi cokali, gutsattsarin bokitina suka yi ta fitowa ta ramukan iska, sannan ta yi tsit. Dattijon ya juyo yana murmushi, yana jiran a gode masa.

Ba wanda ya yi dariya, ko ni. Gilashin ya ci gaba da rufewa har muka daina ganin fuskar Si Haddu daga waje. Si Mimun ya jira fiye da yadda ya kamata, yana duban ƙasa. Daga baya ya buɗe ƙofar direba da kansa.

"Ka yi haƙuri, Haddu."

"Na ji."

Kafin azahar wata farar mota ta shiga gurbinsa.

Yanzu Marsandin na ƙofar gida a lulluɓe da tsohon bargo, an danne da duwatsu. Duk wanda zai yi tafiya, Kazablanka ko Nador ko ƙasar waje, Si Haddu zai bi shi da 'yar takarda mai lambar fankar da Addi ya rubuta masa. Mutum biyu sun yi alkawari. Ɗaya ya dawo ya ce ya manta, ɗayan bai dawo ba tukuna. Kullum da hantsi yakan taka zuwa tasha ya tsaya daga nesa, ya ga an yi lodi, ya dawo ta kasuwa, ya sake komawa.

Jiya ya shigo shagona ya ajiye takalminsa a gabana, ƙasan duk ya huje, ruwa na shiga. Takalmin nan ni na sayar masa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bai taɓa neman gyara ba, don mai shi ba ya taka ƙasa sai daga ƙofa zuwa mota. Wata ɗaya da rabi ya cinye shi. Na juya shi a hannu, tsokana ta zo min har bakin harshe, mai daɗi kuwa. Na haɗiye ta.

"Ka sa masa mai kauri," ya ce. "Da sauran sanyi."